Darasi: Tafiya a Gaɓar Jurasik ta Ingila

A wannan darasi za mu bi wata gaɓar teku da ke kudancin Ingila daga yamma zuwa gabas. Za mu ga yadda ake karanta shekarun ƙasa a jikin dutse, da yadda mushen dabba ke komawa dutse, da dalilin da ya sa burbushin halittun dā ke yawan fitowa a wannan wuri. Wanda ke da taswirar Ingila ya shimfiɗa ta a gabansa kafin mu fara.

Ina wurin yake?

Ka sa yatsa a kan Landan, ka gangaro kudu maso yamma. Za ka iske gundumomi biyu maƙwabta, Devon da Dorset, suna fuskantar ruwan da ya raba Ingila da Faransa. Gaɓarsu ce ake kira Gaɓar Jurasik. Ta faro daga Orcombe Point kusa da garin Exmouth, ta tuƙe a duwatsun Old Harry kusa da Studland, tsawon kimanin kilomita 154. A shekarar 2001 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin wuraren tarihi na duniya saboda duwatsunta.

Duwatsun nan sun ƙunshi tarihin kimanin shekara miliyan 185, wanda masana ƙasa suka kasa zamani uku. Na farko Tirayasik, daga kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce zuwa miliyan 201. Sai Jurasik, daga nan zuwa kimanin miliyan 145. Sai Kiretashiyos, wanda ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Akwai hanyar ƙafa da ta bi saman gaɓar daga farko har ƙarshe, akwai kuma motocin haya da ke haɗa garuruwan. Mai zuwa daga Landan yakan hau jirgin ƙasa zuwa Axminster, daga can ya shiga bas zuwa Lyme Regis.

Yadda ake karanta dutse

Mai haƙar rijiya ya san rabin wannan darasi tun kafin ya shigo aji. Yakan fara da ƙasar sama, ya wuce marmara, ya iske yashi, ya iske yumɓu, kowanne a kwance bisa ɗan'uwansa, kuma ba sai an gaya masa ba, na ƙasa shi ya riga kwanciya. Haka duwatsun wannan gaɓa suke. Laka da yashi da ɓawon ƙananan halittu sun yi ta sauka a gindin ruwa shekara da shekaru, nauyin na sama yana danne na ƙasa, har suka daskare suka zama dutse hawa-hawa.

Da sun zauna a kwance yadda aka shimfiɗa su, da sai an haƙa rami mai zurfin kilomitoci kafin a ga na can ƙasa. To amma motsin cikin ƙasa ya karkatar da su gaba ɗaya zuwa gabas, zaizaya kuma ta aske samansu. Shi ya sa tsofaffin duwatsun suka bayyana a yamma, na baya-bayan nan kuma a gabas. Matafiyin da ya tashi daga Exmouth ya sa gabas a gaba, yana ratsa zamunna ne a jere, daga mafi tsufa zuwa na kusa. Jerin yakan ɗan hargitse a wasu wurare inda ƙasa ta tsage ko ta lanƙwashe, amma a dunƙule haka yake.

Jeri yana nuna wane ya girmi wane ne kawai. Yawan shekaru daga wani awo yake fitowa. Akwai sinadarai irin su yuraniyom da ke rikiɗa su koma dalma a hankali, bisa wani lissafi da ba ya sauyawa. Idan aka sami tokar aman wuta a tsakanin shimfiɗun dutse, sai a auna yawan yuraniyom da ya rage da yawan dalmar da ta samu a cikin ƙwayoyin tokar, a fitar da shekarunta. Daga nan a gwama wurin da wasu wurare ta hanyar burbushin da suka yi tarayya a kai. Awo ne mai ƙarfi, amma yana da ɗan ƙari da ragi, don haka za ku riƙa ganin “kimanin” a gaban yawancin alƙaluman.

Devon: jar ƙasa

Abin da ke fara ɗaukar ido a Exmouth da Sidmouth shi ne launi. Bangon gaɓar ja ne wur. Ƙarfen da ke cikin yashin ne ya yi tsatsa, kuma hakan na faruwa ne a busasshiyar ƙasa mai zafi. A zamanin Tirayasik nahiyoyin duniya a haɗe suke wuri guda, wannan yanki kuwa yana can tsakiyar tudu nesa da teku, hamada ce mai tuddan rairayi da kogunan da ke cikowa su ƙafe. Ingilar da a yau ake yi wa ba'a da yawan ruwan sama da hazo, a lokacin fari ne ke gasa ta.

A Budleigh Salterton za ka ga bakin ruwan cike da manyan tsakuwa masu santsi, sun zubo daga jikin bango. Wani babban kogi ne ya kwaso su daga duwatsun yankin da a yau yake arewa maso yammacin Faransa, tun ba a yi ruwan da ya raba ƙasashen biyu ba. Doka ta hana ɗibarsu, ko da guda ɗaya ce don tsaraba. Burbushin halittu ba shi da yawa a wannan ɓangare, domin hamada ba ta iya ajiyar gawa. Saboda haka ba za mu daɗe ba.

Me ya sa bangon ke zubewa?

Kafin a shiga Lyme Regis akwai wani daji mai sarƙaƙiya da ya tsiro a kan ƙasar da ta zaftare. A daren 24 ga Disambar 1839, a wani wuri da ake kira Bindon, wani makeken yanki na gonaki ya rabu da tudu ya zame wajen teku, ya bar kwazazzabo a bayansa. Akwai gonar alkama a kan yankin da ya zame. Alkamar ta ci gaba da girma abinta, aka girbe ta a 1840 cikin biki, mutane suka yi ta zuwa kallo daga nesa.

Dalilin wannan zaftarewa shi ne mabuɗin darasinmu, don haka a natsu. A saman tuddan akwai dutsen yashi mai shan ruwa. A ƙarƙashinsa akwai yumɓu, wanda ruwa ba ya ratsawa. Idan aka yi ruwan sama mai yawa, sai ya tsotse ta cikin yashin ya sauka, ya iske yumɓu ya tsaya, wurin ya yi santsi. Daga ƙasa kuma igiyar teku tana cin gindin bangon. Rana ɗaya sai na sama ya sulale. Tekun ya wanke lakar da ta zubo, ya bar abin da ke da nauyi a bakin ruwa, cikinsu har da burbushin da ya shekara miliyoyi a ɓoye.

Ke nan ɓarnar da teku ke yi ita ce ke fito da dukiyar wurin. Da za a bi gaɓar nan a yi mata katangar kankare daga farko har ƙarshe, da ciyawa ta rufe bangon, burbushi ya daina fitowa. Shi ya sa ake gina kariya a inda garuruwa suke kawai, kamar Lyme Regis, sauran kuma a bar teku ya yi aikinsa. Mai gidan da ke bakin gangare ba zai so wannan tsari ba, kuma yana da hujjarsa.

Lyme Regis da Charmouth

Nan ne zuciyar tafiyar. A farkon zamanin Jurasik, kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce, teku mai ɗumi ya malale hamadar nan. Saman ruwan cike yake da rai, amma gindinsa sau da yawa laka ce marar iska mai kyau, wadda tsutsa da ƙaguwa ba sa iya zama cikinta. Idan dabba ta mutu ta nutse, babu mai yagar ta. Laka ta binne ta, nama ya ruɓe, ƙashi da ɓawo su saura. Sannu a hankali ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya ratsa ƙofofin ƙashin ya cike su, wani lokaci ma ya maye gurbinsa gaba ɗaya. Abin da ya saura shi ne burbushi: siffar dabbar ce, amma jikin ya zama dutse. Cikin dabbobi masu ɗimbin yawa da suka mutu, ƙalilan ne ke samun irin wannan binnewa.

Wanda aka fi samu shi ne amonait, wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa da ke zaune a cikin naɗaɗɗen ɓawo. Cikin ɓawon ɗaki-ɗaki ne. Dabbar tana zaune a na bakin ƙofa, sauran kuma tana amfani da su wajen daidaita nauyinta a ruwa. Mutanen dā a Ingila sun ɗauka macizai ne da suka naɗe suka koma dutse. Amonait na da amfani na musamman ga masana, domin irinsa yakan sauya da sauri, kowace shimfiɗa da nata. Wanda ya san su, da ya ga guda ɗaya zai gaya maka daga wane hawa na bangon ya faɗo. A yamma da Lyme Regis, idan ruwa ya janye, akwai wani falalen dutse da ɗaruruwan manyan amonait ke kwance a jikinsa, kana takawa kana ganinsu ƙarƙashin takalminka. Wannan na kallo ne, ba a fasa shi.

Mu ɗauka mun isa Charmouth da safe a watan Janairu, bayan an kwana ana iska da ruwa. Sanyi na ratsa ƙashi, bakin tekun kuma ba shi da wani kyan gani: laka ce toka-toka ta kwararo daga tudun Black Ven, ɗaya daga cikin manyan wuraren zaftarewar laka a Turai. Ga mutane jefi-jefi cikin takalman roba, kowa ya sunkuya. Ba bango suke duba ba, tsakuwar da ke bakin ruwa suke bi da ido, musamman inda baƙaƙen ƙwayoyi masu nauyi suka taru a tsakanin duwatsu. Ka durƙusa ka tona da yatsa. Da farko komai iri ɗaya ne. Can sai ka hango wani abu kewayayye da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, da layuka a jere a jikinsa, yana ɗan ƙyalli ruwan zinariya. Ka ɗauraye shi a ruwan da ya kwanta a ramin dutse. Amonait ne wanda ma'adinin ƙarfe da farar wuta ya maye ɓawonsa. Ya fi girmansa nauyi a tafin hannu, kuma ba zinariya ba ce, kada a yi saurin murna. Kusa da shi wataƙila ka tsinci wani siririn dutse mai tsini: ƙashin cikin wata dabba ce da ake kira belemnait, dangin amonait.

A nan an yarda mutum ya ɗauki abin da ya tsinta a ƙasa, domin in an bar shi teku zai niƙe shi. Amma da ƙa'ida. Ana fita ne lokacin da ruwa ke janyewa, bayan an duba jadawalin cikowarsa, don ruwa yakan datse wa mutum hanyar komawa. Ba a haƙar bango, ba a zama a gindinsa. A 2012 zubowar dutse ta kashe wata matashiya a bakin ruwan Burton Bradstock, gabas kaɗan da nan. Wanda ya sami abu mai muhimmanci ana so ya kai a rubuta shi a cibiyar da ke bakin ruwan Charmouth, inda kuma ma'aikata ke fita da baƙi su koya musu dubawa.

Mary Anning

An haifi Mary Anning a Lyme Regis a 1799. Mahaifinta kafinta ne, yana ƙara da tsintar burbushi yana sayar wa baƙi. Cikin 'ya'ya goma da aka haifa a gidan, ita da yayanta Joseph ne kawai suka girma. Uban ya rasu a 1810 ya bar su da bashi, sai tsintar duwatsu ta zama abincinsu.

A 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai mai dogon baki da manyan ramukan ido. Bayan kimanin shekara guda Mary ta gano sauran jikin, tana da shekara goma sha biyu zuwa sha uku. An zaci kada ne. Daga baya aka gane wata dabba ce dabam, mai siffar kifi amma tana shaƙar iska, aka sa mata suna iktiyoso. Fam 23 aka biya su. Ƙoƙon kan yana gidan tarihin halittu na Landan har yau.

A 1823 ta haƙo cikakken ƙwarangwal na filesiyoso, dabba mai ƙaramin kai da wuya dogo ƙwarai da filafilai huɗu. Tsawon wuyan ya sa Georges Cuvier na Faransa, wanda ake ji da shi a ilimin ƙasusuwa a lokacin, ya yi zargin haɗe-haɗe ne. Da aka bincika, ya janye zarginsa. A 1828 ta samo burbushin wata dabba mai fukafukan fata, irinta ta farko da aka gani a wajen Jamus. Ita ce kuma ta lura da wasu dunƙulallun duwatsu da ake yawan samu a cikin cikin iktiyoso. Ta fasa su ta ga ƙayar kifi da ɓawonsa, aka gane bayan-gidan dabbobin ne ya koma dutse, kuma ta nan aka fara sanin wa ke cin wa a wancan teku. Ta gano jakar tawada a jikin dangin belemnait, ƙawarta Elizabeth Philpot ta jiƙa busasshiyar tawadar ta yi zane da ita.

Karatunta na aji kaɗan ne. Da hannu take kwafe takardun masana tana nazari, tana feɗe kifi don ta gwada ƙasusuwansa da na cikin dutse. Aikin kuma da haɗari: a 1833 ƙasa ta zubo ta kashe karenta a gabanta, ita ma da ƙyar ta sha. Manyan masana sukan zo shagonta su saya, su yi tambaya, su koma Landan su wallafa, sau da yawa ba tare da ambaton sunanta ba. Ƙungiyar masana ƙasa ta Landan ba ta karɓar mata a zamaninta. Wasu dai sun kyauta mata. Henry De la Beche ya zana hoton yadda tekun Dorset yake a dā bisa abubuwan da ta gano, aka buga aka sayar a ba ta kuɗin. Ta rasu a 1847 da cutar dajin nono, tana da shekara 47. Gidan tarihin garin yana kan filin da gidansu yake, kuma sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta yana fuskantar teku, bayan wata 'yar makaranta da mahaifiyarta sun tayar da maganar.

Daga Golden Cap zuwa Portland

Gabas da Charmouth za ka hau Golden Cap, mai tsayin mita 191, wanda ya fi ko'ina tsayi a gaɓar kudancin Ingila. Gaba kuma sai Chesil, wani dogon tudun tsakuwa mai kimanin kilomita 29, da tafki a bayansa. Teku ya tace tsakuwar da kansa: a ƙarshen yamma ba su wuce ƙwayar wake ba, a wajen Portland kuwa sun kai dunƙulen hannu. Ana cewa masuntan wurin, in sun sauka da dare, da girman tsakuwa suke gane inda suke.

Portland tsibiri ne na farin dutse mai kyan sassaƙa, wanda ya samu a ruwa marar zurfi a ƙarshen Jurasik. Da shi Christopher Wren ya sake gina majami'ar St Paul bayan gobarar Landan ta 1666, an kuma kai shi har hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York. Wanda ya duba bangon irin waɗannan gine-gine da kyau yakan ga ɓawon halittun ruwa a ciki.

Lulworth

Durdle Door, wata ƙofar dutse da igiyar ruwa ta huda, ita ce hoton da aka fi sani a duk gaɓar. Da rani sai ka ga jama'a sun yi layi a kan matakala, kowa da waya a hannu. Wurin yana da kyau, babu musu. Amma a ganina wanda ya zo ya ɗauki hoto ya juya bai ga abin da ya kamata ya gani ba. Ka dubi shimfiɗun dutsen: a tsaye suke, alhali a kwance aka shimfiɗa su. Kusa da nan, a Stair Hole, sun lanƙwashe sun yi ninki. Lokacin da nahiyar Afirka ta tunkuɗi Turai har tsaunukan Alps suka taso, ƙarfin turin ya iso nan.

Mashigin Lulworth kuma kewayayye ne mai ƙaramar ƙofa. A bakin teku akwai dutse mai tauri, a bayansa yumɓu da yashi masu laushi, a bayansu alli. Da ruwa ya sami kafa ta cikin mai taurin, sai ya kwashe masu laushin hagu da dama, har alli ya rage masa gudu. Gabas da mashigin akwai burbushin daji na kimanin shekara miliyan 145. Itatuwan sun ruɓe tuni, amma gansakukar da ta taru a gindinsu lokacin da ruwa ya malale dajin ta daskare, ta bar zobba na dutse da rami a tsakiya inda kututture yake. Wurin yana cikin filin atisayen soja, sai ranar da ba a harbi ake buɗe shi.

Kimmeridge da Old Harry

Dutsen Kimmeridge baƙi ne, cike da ragowar ƙananan halittun ruwa, har yana cin wuta, kuma mutanen wurin sun daɗe suna ƙona shi a murhu duk da warinsa. Wannan shimfiɗa ta miƙa har ƙarƙashin Tekun Arewa, inda ta nutse da zurfi, zafi ya dafa ta, ta zama uwar yawancin man fetur da Birtaniya da Norway ke haƙowa. A saman bangon Kimmeridge akwai wani famfon mai da ke ta sunkuyawa yana ɗagowa tun 1961. Man da yake zuƙowa ba daga baƙin dutsen da ake gani yake ba, daga tsofaffin shimfiɗun da ke can ƙasa ya taso.

A ƙauyen Kimmeridge akwai gidan tarihin da aka buɗe a 2016 don adana abin da Steve Etches ya tara. Sana'arsa gyaran famfo. Shekara da shekaru yana bin bakin ruwan a lokacin hutunsa, yana goge abin da ya samo da haƙuri, har ya tara fiye da guda 2,000, cikinsu da ƙwan amonait. A 2022 wani abokinsa ya tsinci ƙarshen bakin wata dabba a bakin ruwa. Suka bi sawu da jirgi marar matuƙi har suka hango inda sauran yake a jikin bango, aka yi makonni ana sauka da igiya ana sassaƙa. Abin da ya fito ƙoƙon kan filayoso ne, ɗan'uwan filesiyoso mai gajeren wuya, tsawonsa mita 2, da haƙora 130. A Kimmeridge an hana baƙi amfani da guduma, don haka dokar wani bakin ruwa ba ita ce ta wani ba, sai an tambaya.

Tafiyar ta ƙare a Old Harry, ginshiƙan farin alli da ke tsaye cikin ruwa. Allin ya taru ne daga ɓawon wasu halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. A dā tudun allin a haɗe yake da na tsibirin Wight da ake hangowa a gabas. Ɗaya daga cikin ginshiƙan ya faɗi a 1896.

Mu ma muna da irinsu

A ƙarshen zamanin Kiretashiyos da bayansa kaɗan, wani hannun teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan yankin Sakkwato da yammacin Nijar. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana siminti a gindin wannan ruwa ya taru. Akwai wata dabbar teku mai dogon baki da masana suka sa wa suna Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka sami ƙasusuwanta. A mahaƙar siminti ta Ashaka a jihar Gombe ana samun amonait. A Nijar kuwa, a Gadoufaoua da ke hamadar Tenere, an haƙo ƙasusuwan dainoso da na wani ƙaton kada, kuma ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Yamai. Bambancinmu da Dorset shi ne ba mu da teku mai wanke bango kullum. A wurinmu iska da kwazazzabo da masu fasa dutse ne ke tono su, kuma da yawa suna shiga injin niƙa ba wanda ya duba.

Tambayoyi da aikin gida

1. Me ya sa duwatsun yammacin Gaɓar Jurasik suka girmi na gabas?
2. Bayyana da kalmominka yadda dutsen yashi da yumɓu da ruwan sama ke haɗuwa su jawo zaftarewar ƙasa.
3. Me ya sa ake samun burbushi da yawa a Charmouth, amma kaɗan a jajayen duwatsun Devon?
4. Kawo abubuwa uku da Mary Anning ta gano, da shekarar da ta gano biyu daga ciki.
5. Matafiyi yana cin kilomita 14 a yini. Kwana nawa zai yi kafin ya gama kilomita 154?
6. Raba shekara miliyan 185 da kilomita 154. Kimanin shekara nawa kowace kilomita ta ɗauka?
7. Ku kasu gida biyu a aji. Ɓangare ɗaya ya kare mai gidan da ke son a gina katanga a gindin gangarensa, ɗayan ya kare masu cewa a bar teku ya ci. Kowane ɓangare ya rubuta hujja biyu kafin a fara muhawara.